Me Ya Sa Masoya Ke Juya Wa Mawaƙan Bayan Fage Baya Idan Sun Shahara?

A titin Gilman da ke birnin Berkeley na jihar Kalifoniya akwai wani ƙaramin gidan wasa mai lamba 924, wanda aka buɗe a daren ƙarshe na shekarar 1986. 'Yan sa-kai ne ke tafiyar da shi, kuma dokokinsa sanannu ne ga duk mai shiga: ba giya, ba ƙwaya, ba faɗa, ba wariyar launin fata. Akwai kuma wata doka da ta fi waɗannan jawo magana, wato duk mawaƙin da ya ƙulla yarjejeniya da babban kamfanin faifai ba zai hau dandalinsu ba. A wannan ɗaki ne samarin ƙungiyar mawaƙa ta Green Day suka yi wayo, a nan aka fara haddace baitukansu. A 1993 suka sa hannu da kamfanin Reprise, wanda ke ƙarƙashin Warner. A watan Fabrairun 1994 kundinsu mai suna Dookie ya fito, daga baya ya sayar da kwafi sama da miliyan 10 a Amurka kaɗai. Ƙofar Gilman ta rufe musu, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka tashi tare suka daina sauraronsu, wasu har suna kiransu maciya amana.

Wanda yake kallo daga waje zai yi mamaki. Mutum ya shafe shekaru yana tallata mawaƙi ga abokansa, yana jin haushin duniya ba ta san shi ba, to me ya sa ranar da duniyar ta san shi sai ransa ya fita daga kansa? Amsa biyu ake yawan bayarwa, kuma kowace ta yi gajarta. Masoyin yakan ce waƙar ce ta lalace. Masu sukarsa sukan ce hassada ce da son a ce shi na daban ne. Idan aka bi lamarin a hankali za a ga abubuwa uku ne mabambanta suke cakuɗe a cikin kalmar "sun canza": sautin waƙar, kusancin da ke tsakanin mawaƙi da mai saurare, da kuma abin da son mawaƙin yake faɗa game da shi mai sauraren kansa.

## Kalmomin da ake rigima a kansu

Mawaƙan bayan fage su ne waɗanda ke aiki a wajen manyan hanyoyin kasuwar waƙa. Ƙaramin kamfani ne ke fitar da faifansu, ko su fitar da kansu. Manyan gidajen rediyo ba sa saka su. Labarinsu daga baki zuwa baki yake tafiya, a da ta kaset da ƙananan mujallun da ake bugawa da injin kwafi, yanzu ta intanet. Wasansu a ƙananan ɗakuna ne masu ɗaukar mutum ɗari ko ɗari biyu. Sau da yawa zama a bayan fage yakan zo da aƙida: mu yi abinmu da kanmu, kada wani mai kuɗi ya faɗa mana yadda za mu rera.

Babbar kasuwa kuwa ita ce inda waƙa ke kaiwa ga wanda bai neme ta ba. Ya ji ta a rediyo, a talla, a cikin fim, a shagon da ya shiga sayayya. Kamfanoni uku ne ke riƙe da mafi yawan wannan kasuwa a duniya a yau: Universal, Sony da Warner.

Kalma ta uku ita ce mai zafi, wato "sayar da kai". Asalin ma'anarta shi ne mawaƙi ya bar abin da ya yi imani da shi saboda kuɗi. Amma a bakin jama'a ta faɗaɗa har ta rasa iyaka. Wani yana nufin sa hannu da babban kamfani, wani yana nufin ba da waƙa a yi talla da ita, wani kuma shahara kawai yake nufi, ko da mawaƙin bai sauya ko wasali ɗaya ba. Rabin gardamar daga nan take tasowa, domin mutum biyu za su yi ta musu da kalma ɗaya alhali kowa da abin da yake nufi.

## Inda zargin ya samo asali

Tun kafin kiɗan pank, wani nau'in rok mai sauri da kaushi, ake wannan rigima. A watan Yulin 1965 Bob Dylan ya hau dandalin bikin waƙoƙin gargajiya na Newport da jita mai lantarki, wani ɓangare na 'yan kallo ya yi masa ihu. A watan Mayun 1966, a birnin Manchester na Ingila, wani ya ɗaga murya daga cikin taro ya kira shi Judas, wato maci amana. Masoyan waƙar gargajiya na lokacin suna ganin jitar lantarki kayan 'yan kasuwa ce.

Kiɗan pank ne ya mayar da zargin ya zama kamar doka. A farkon 1977 The Clash, waɗanda waƙoƙinsu ke sukar masu mulki da masu dukiya, suka sa hannu da kamfanin CBS a kan fam dubu 100. Mark Perry, mai ƙaramar mujallar Sniffin' Glue a Landan, ya bayyana cewa a ranar ne pank ya mutu. Daga nan har ƙarshen shekarun 1980 aka gina wata duniya ta daban, musamman a Amurka da Birtaniya, mai kamfanoninta da gidajen wasanta da mujallunta, wadda ke alfahari da cewa ba ta buƙatar kowa.

Nirvana ne suka fasa wannan katanga. Kundinsu na farko, Bleach, ya fito a 1989 a ƙaramin kamfanin Sub Pop na birnin Seattle, kuma kuɗin ɗaukarsa bai wuce dala 600 da 'yan kai ba. Na biyu, Nevermind, ya fito a watan Satumban 1991 a kamfanin DGC, kuma a watan Janairun 1992 ya ture kundin Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na kundayen da suka fi ciniki a Amurka. Manyan kamfanoni suka farga cewa akwai kuɗi a bayan fage, suka bazama suna ɗaukar duk wanda ya yi kama da Nirvana. Shekaru uku zuwa huɗu da suka biyo baya su ne lokacin da zargin sayar da kai ya fi zafi, domin kusan kowane masoyi yana da wani mawaƙin da aka ɗauke masa.

## Shin da gaske waƙar tana canzawa?

Sau da yawa tana canzawa, kuma bai kamata a yi watsi da ƙorafin masoyi a nan ba.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na The Wailers, ƙungiyar Bob Marley da Peter Tosh da Bunny Wailer. Sun yi kusan shekara goma suna waƙa a Jamaika kafin duniya ta san su. A 1972 Chris Blackwell, mai kamfanin Island, ya ba su fam dubu 4 su yi kundi. Suka ɗauki waƙoƙin a Kingston, Marley ya kai faifan Landan. A can aka zauna aka ƙara abubuwa a kai. Aka kawo wani Ba'amurke mai kaɗa jita, Wayne Perkins, wanda kiɗan rok ya saba da shi, ya ɗora nasa kiɗan. Aka ƙara fiyano. Manufar ba a ɓoye take ba: a sa rege ya shiga kunnen Turawa masu sauraron rok. Kundin Catch a Fire ya fito a 1973, kuma shi ne ya buɗe ƙofar da Marley ya bi ya zama na duniya. A 2001 aka sake fitar da shi haɗe da ainihin ɗaukar Jamaika, don haka mai son kwatantawa zai iya jin duka biyun a jere. Ɗaya ya fi sarari, ganga da bes da muryoyi ne a gaba. Ɗayan ya fi ado. Wanda ya ce ya fi son na farko ba sharri yake yi ba, akwai abin da kunnensa ya ji. Tosh da Bunny Wailer kuma ba su daɗe ba suka fita daga ƙungiyar, sunan ya koma Bob Marley and the Wailers, wanda shi ma wani nau'in canji ne da babbar kasuwa ke kawowa, domin ta fi son fuska ɗaya da za ta ɗora a kan faifai.

Kurt Cobain na Nirvana da bakinsa ya nuna rashin jin daɗin yadda aka goge sautin Nevermind har ya yi sumul. Da suka tashi yin kundi na gaba a 1993 sai suka nemi Steve Albini, mutumin da aka sani da barin sauti da kaushinsa. Idan mawaƙin da kansa yana jin an sauya masa murya, da wuya a ce masoyin mafarki yake yi.

Dalilan canjin ba duka ne na mugunta ba. Kuɗi yakan kawo babban situdiyo da furodusa mai gogewa, shi kuwa aikinsa ke nan ya gyara abin da ya ji ya karkace, alhali wataƙila karkacewar ce masoyi yake so. Rediyo na son waƙa gajera mai amshin da zai zo da wuri. Babban fili ma yana da nasa sharaɗin: kiɗa mai sauri da sarƙaƙiya da ke daɗi a ƙaramin ɗaki yakan dagule idan ya bugi bangon filin ƙwallo ya dawo, don haka mai wasa a gaban mutum dubu 50 yakan koma ga kiɗa mai faɗi da sauƙin bi. Akwai kuma lokaci. Kundin farko tarin waƙoƙin da aka yi shekaru ana gwadawa ne a gaban jama'a, na biyu kuwa sau da yawa a cikin 'yan watanni ake rubuta shi, tsakanin tafiya da tafiya, kamfani na jira. Rayuwar da ake waƙa a kai ma ta sauya. Wanda ya yi suna da waƙar rashin kuɗin haya, idan ya ci gaba da ita bayan ya yi arziki a ce yana ƙarya, idan ya bar ta a ce ya manta mafari.

Sai dai akwai abin lura a nan. Layin da masoya ke jawowa ba ya tsayawa wuri ɗaya. An zargi Metallica da sayar da kai a 1984 saboda sun saka waƙa mai sanyi a kundinsu na biyu. An sake zarginsu a 1989 da suka yi bidiyon waƙa na farko. An sake a 1991 da suka ɗauki furodusa Bob Rock suka gajarta waƙoƙinsu, sannan a 1996 da suka aske gashin kansu. Kowane rukuni na masoya yana ganin lalacewar ta fara ne jim kaɗan bayan shigowarsa. Wannan yana nuna cewa ba sautin kaɗai ake aunawa ba.

## Ɗakin da ya ɓace

Wanda bai taɓa tsayawa a ƙaramin gidan wasa ba zai yi wuya ya gane abin da ake kuka a kai. Dandalin bai kai gwiwa ba. Mai ganga shi ne ya shigo da gangunansa ta ƙofar da kowa ya shigo, yana neman a matsa masa. Idan igiyar jita ta tsinke, a tsaya a jira, wani daga cikin taro ya yi magana mawaƙin ya amsa masa. Bayan an tashi, shi mawaƙin ne zai tsaya a bayan tebur yana sayar da riga da faifai, gumi bai bushe masa ba, ya tambaye ka sunanka. Ka zo sau uku ya gane fuskarka. Mutum ɗari da hamsin da ke wurin su ma sun san juna.

Bayan shahara, waƙar na iya zama ita ce dai, amma tsakaninka da mai rera ta akwai shinge da masu gadi da tazarar mita ɗari, a allo kake ganin fuskarsa. Tikitin ya ninka sau da yawa, kuma yana iya ƙarewa cikin mintuna. Wannan rashi na gaske ne, kuma ba laifin kowa ba ne. Ba yadda za a yi mutum ɗaya ya san fuskar mutum miliyan.

Jama'ar da ke kewaye ma sukan sauya. Waƙar da aka yi ta don sukar wani hali tana iya faɗawa bakin masu wannan halin, su rera amshin ba tare da sun kula da ma'anar ba. Cobain ya damu da wannan har ya rubuta a jikin wani kundin da suka fitar a ƙarshen 1992 cewa masu ƙin mata da masu wariyar launin fata da masu tsangwamar wasu saboda bambancinsu su daina zuwa wasansu, su daina sayen faifansu.

## Idan kuma babu abin da ya canza sai yawan masu saurare

A nan ne masu sukar masoya suke da hujja mai ƙarfi. Akwai mutanen da ke daina sauraron tsohon kundin da suka haddace, wanda ba a taɓa ko ƙwayar sauti a cikinsa ba, don kawai kowa ya san shi yanzu.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Tun 1950 masanin tattalin arziki Harvey Leibenstein ya bayyana cewa kamar yadda wasu ke son kaya saboda kowa na saye, akwai waɗanda sha'awarsu ke raguwa daidai gwargwadon yadda masu saye ke ƙaruwa. A 1991 masaniyar halayyar ɗan Adam Marilynn Brewer ta kawo bayanin da ya fi dacewa da batunmu. Ta ce mutum yana ɗauke da buƙatu biyu masu jan juna: yana son ya kasance cikin jama'a, yana kuma son ya bambanta. Ƙaramin rukuni yana biya masa duka biyun a lokaci guda, domin a ciki yana da 'yan uwa, a waje kuma an san shi daban. Idan rukunin ya kumbura ya haɗiye kowa, buƙata ta biyu ta tashi babu mai biya, sai mutum ya nemi wani ƙaramin rukunin.

Jonah Berger da Chip Heath sun gwada irin wannan a jami'ar Stanford. Sun sayar wa ɗaliban wani ɗakin kwana abin hannu na roba da ake yayi a lokacin, bayan ɗan lokaci suka sayar wa ɗaliban ɗakin da ke kusa, waɗanda ake yi wa kallon 'yan boko zalla. Da yawa daga cikin na farkon suka cire nasu. Abin hannun bai sauya ba, abin da yake faɗa game da mai sanye da shi ne ya sauya. Binciken nasu ya nuna cewa mutane sun fi yin haka a abubuwan da ake gane mutum da su, irin su waƙa da sutura da aski, fiye da kayan amfanin yau da kullum. Ita kuma Sarah Thornton, wadda ta yi nazarin matasan gidajen rawa na Birtaniya a 1995, ta nuna cewa sanin abin da wasu ba su sani ba wani irin jari ne da ke sayo wa matashi daraja a cikin tsararsa. Ranar da mawaƙin ya shiga rediyo, jarin ya karye.

Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin abin kunya ba. Matashin da bai da kuɗi, bai da muƙami, bai da murya a gida, abin da ya zaɓa ya saurara yana cikin 'yan abubuwan da ya mallaka da kansa. Ya yi wahalar nema, ya yi tafiya, ya jure dariyar abokai. Inda matsalar take shi ne idan ya ɗauki wannan ciwon ya kira shi lalacewar waƙa, ya ɗora wa mawaƙin laifin.

Akwai wasu dalilai biyu masu sauƙi da ake mantawa. Na farko gundura: jin waƙa a kai a kai yana ƙara sonta zuwa wani mataki, daga nan sai ta fara isar mutum, kuma waƙar da ta shahara ba kai ke zaɓar lokacin jinta ba. Na biyu shekaru. Kafin mawaƙi ya taso daga ƙaramin ɗaki zuwa babban fili an ɗauki shekara biyar ko goma, mai sauraren da ya fara yana ɗan sha bakwai yanzu yana da aiki da iyali. Wani lokaci ƙuruciyarsa yake kewa, ya zaci mawaƙin ne.

Sannan akwai zato biyu masu karo da juna, ɗaya na cewa abin da ya shahara shi ne mafi kyau, ɗayan na cewa duk abin da ya shahara holoƙo ne. Wani gwaji da Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts suka wallafa a 2006 ya raunana duka biyun. Sun ba mutum sama da dubu 14 waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba, suka raba su rukuni-rukuni, wasu suna ganin adadin waɗanda suka sauke kowace waƙa kafin su. Waƙa ɗaya takan yi sama a wannan rukuni ta yi ƙasa a wancan, ya danganta da wadda ta fara samun jama'a. Mafi kyawun waƙoƙin ba su cika faɗuwa ƙasa warwas ba, mafi muninsu ba su cika hawa sama ba, amma tsakanin nan komai na iya faruwa. Shahara ke nan ba ta isa shaida a kan inganci ba, ko ta yabo ko ta suka.

## Lissafin mawaƙi

Masu kare mawaƙa suna da tambaya ɗaya: wa ke biyan kuɗin zaman bayan fage? Masoyi ya zo wasa ya koma gidansa. Mawaƙin ne ke kwana a mota ko a ƙasan ɗakin wani, ya dawo daga tafiyar wata guda ya tarar aikin da yake ci da shi ya tafi. Ana iya jure wannan a shekara ashirin da biyu, amma a talatin da biyar, ga 'ya'ya ga rashin lafiya, magana ta sauya. Neman mutum ya dawwama cikin talauci don wani ya ci gaba da jin shi na musamman ne ba adalci ba ne. Bayan haka, yawancin masu rubuta waƙa so suke a ji su, kuma ba su taɓa yin alkawarin ɓuya ba.

Masu adawa da manyan kamfanoni su ma ba da ka suke magana ba. A 1993 Steve Albini ya rubuta wata maƙala da ta yi yawo sosai, inda ya buga lissafin wata ƙungiya ta misali da aka ba kafin alƙalami na dala dubu 250, ta kuma sayar da kwafi dubu 250. Bayan an cire kuɗin situdiyo da furodusa da manaja da lauya da bidiyo da tafiye-tafiye, kowane ɗan ƙungiyar ya tashi da kusan dala dubu 4. Sirrin shi ne kafin alƙalami bashi ne, daga kason mawaƙi ake cire shi, kuma galibi kamfanin ne ke mallakar faifan. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda ya karɓi kuɗin dole ya saurari ra'ayin mai kuɗin kan wace waƙa za a fitar da yadda za ta yi sauti. A ganin wannan ɓangare, gargaɗin masoya kariya ce ga mawaƙin kansa.

Ƙungiyar Fugazi ta birnin Washinton ita ce hujjar da suke kafawa cewa akwai wata hanya. Sun zauna a kamfanin Dischord, wanda ɗaya daga cikinsu, Ian MacKaye, ya kafa da abokinsa Jeff Nelson a 1980, sun ƙi tayin manyan kamfanoni, sun riƙe kuɗin shiga wasansu a kusan dala 5, ba sa sayar da riguna, kuma duk da haka sun yi jama'a a ƙasashe da dama har suka dakata a 2003. Amma MacKaye yana da kamfaninsa tun kafin ƙungiyar, ga juriyar da ba kowa ke da ita ba. Misali ne na abin da zai yiwu, da wuya ya zama ma'aunin da za a ɗora kowa a kai.

Labarin ƙungiyar Jawbreaker ya nuna abin da ke faruwa idan aka faɗa tsakiya. Sun sha faɗa cewa ba za su je babban kamfani ba, sai ga shi sun sa hannu da DGC. Kundin Dear You ya fito a 1995 da sauti mai santsi. Tsofaffin masoya suka yi fushi, har wasu na zuwa wasa su juya wa dandali baya idan aka fara sabuwar waƙa. Babbar kasuwa kuma ba ta karɓe su ba. Gaba kura, baya sayaki. A 1996 suka watse. Shekaru suka wuce, wasu matasa da ba su san rigimar ba suka gano kundin suka so shi, ya zama abin koyi ga mawaƙa da yawa. Da ƙungiyar ta dawo a 2017 a wani babban biki a Chicago, dubban mutane ne suka rera waƙoƙin da aka taɓa juya wa baya.

## Zamanin waya ya sauya lissafin

Yau zargin sayar da kai ya yi sanyi idan aka kwatanta da shekarun 1990, kuma dalilin na kuɗi ne. Cinikin faifai ya rushe bayan shigowar intanet. Manhajojin saurare irin su Spotify, wadda ta fara aiki a 2008, suna biyan abin da galibi bai kai rabin santi ɗaya na dala ba a kan kowane saurare, kuma daga 2024 waƙar da ba ta kai saurare dubu ɗaya a shekara ba ba ta samun komai a wannan manhaja. A irin wannan hali, mawaƙin da ya ba da waƙarsa aka yi talla ko fim da ita, masoya da yawa murna suke taya shi, domin sun san da wannan zai biya haya.

Katangar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ma ta yi ƙasa. Tun 1995 Warner ta sayi kashi 49 cikin ɗari na Sub Pop. Arctic Monkeys sun kafa tarihin kundin farko mafi saurin ciniki a Birtaniya a 2006 suna ƙaramin kamfanin Domino. Arcade Fire sun ci babbar kyautar Grammy ta kundin shekara a 2011 suna kamfanin Merge mai zaman kansa. Ana iya shahara ke nan ba tare da sa hannun da a da ake kira cin amana ba.

Amma ciwon masoyi bai tafi ba, sauri ma ya ƙara. Daƙiƙa goma sha biyar na wata waƙa za su iya yaɗuwa a TikTok cikin mako guda, mawaƙin da ke da masu saurare dubu biyu ya wayi gari da miliyan. Tsofaffin masoya su je wasa su tarar da taron da ya san baiti ɗaya tak, ana ɗaga waya idan an zo wurin, a yi shiru a sauran. Abin da a da yake ɗaukar shekara goma yanzu yana faruwa kafin mutum ya shirya masa.

## Wa abin ke shafa

Sababbin masoya ne suka fi shan wulaƙanci ba da laifinsu ba. Yarinya ta sa rigar wata ƙungiya, wani ya tare ta ya ce ta lissafo masa waƙoƙinsu uku. Wannan jarrabawa mata da ƙananan yara ta fi faɗawa a kai, kuma tana mantawa da cewa gano mawaƙi da wuri sau da yawa sa'a ce ta inda aka haifi mutum da shekarar da aka haife shi da wanda ya yi abota da shi.

Ga mawaƙi, ficewar masoyan farko hatsari ne na zahiri. Taron da yayi ya kawo yayi ne zai tafi da shi, kuma idan ya tafi, waɗanda ke sayen faifai su zo wasa ko ana ruwa su ne na farkon. Wanda ya rasa su tun a hanya ba shi da wurin saukowa. Wasu kuma sukan samu hanyar komawa. A watan Mayun 2015, wata guda bayan an shigar da Green Day zauren girmamawa na mawaƙan rok, gidan Gilman ya buɗe musu ƙofa suka yi wasan tallafi ga waɗanda wata gobara ta shafa, sama da shekara ashirin bayan an hana su.

Shahara tana kuma komawa baya ta ciyar da inda aka fito. Bayan Nevermind, mutane sun koma sun sayi Bleach har ya wuce kwafi miliyan, kuɗin da ya taimaka wa Sub Pop ya ci gaba da fitar da wasu ƙananan mawaƙa. Masoyin da ya bar wanda ya shahara ya koma neman sabo shi ma yana da amfani a wannan zagaye, domin da kuɗin tikitinsa ne ƙaramin ɗaki ke biyan wuta.

Waɗannan ɗakuna kuwa suna cikin matsi. Ƙungiyar Music Venue Trust ta Birtaniya ta ce a 2023 kaɗai ƙananan gidajen wasa 125 ne suka rufe ko suka daina saka mawaƙa a ƙasar, a shekarar da manyan filaye ke cika maƙil. Shi ya sa ake ta kiran a ware fam ɗaya daga kowane tikitin babban wasa a mayar wa ƙananan wurare, kuma Coldplay sun yi alkawarin ba ƙungiyar kashi 10 cikin ɗari na abin da suka samu a manyan wasanninsu na Ingila a 2025.